Kallon lafiya muke yi wa kitse

Kawuna tela ne a Sabon Gari, nan Maradi. Yana da wani tsohon littafi mai baƙin bango da ba ya yarda kowa ya taɓa masa, a ciki yake rubuta awon masu kawo ɗinki: tsawon riga, kafaɗa, hannu, wuya, zagayen ciki. Akwai sunayen da suka fi shekara ashirin suna dawowa, salla ƙarama da babba. Ana saura mako biyu sallar layya ina zaune a shagon, wani ɗan kasuwa ya shigo da shadda. Kawu ya zagaya masa abin awo, ya leƙa littafi, ya yi dariya.

"Alhaji, bara ɗari da huɗu, bana ɗari da tara. Kasuwa ta yi albarka ke nan."

Alhaji ya shafa tumbi ya ce, "Rufin asiri dai, Malam. Alhamdu lillahi."

Da ya fita na lallaɓi Kawu ya bar ni na bi shafukan mutumin baya. Farkon zuwansa, yana saurayi mai bin motocin Jibiya yana dakon kaya, awon cikinsa santimita 78 ne. Tsawon rigarsa bai motsa ba tun ranar. Cikin ne kaɗai ke tafiya, galibi santimita ɗaya ko biyu a shekara, ba wanda ke riƙe da lissafin sai littafin.

Ba na ganin laifin Alhaji, ba na ganin na Kawu. Mu mutanen Maradi mun ga yunwa ido da ido. Duk wanda ya ba shekara talatin baya yana tuna 2005, lokacin da fari da fara suka bar rumbuna wayam, kuɗin tiyar gero ya yi tashin gwauron zabo, wuraren jinyar yara masu tamowa suka cika maƙil da uwaye daga ƙauyuka. Har gobe tamowa ba ta bar karkararmu ba. A irin wannan ƙasa rama ce abin tsoro. Amarya ta yi wata shida a ɗaki ba ta ciko ba, sai dangi su fara raɗe-raɗi a kan mijin. "Kin yi kyau" da "kin yi ƙiba" kusan magana ɗaya ce a bakinmu. To ka zo ka ce wa mutum kitsen da ya tara na iya zama sanadin ciwon daji, dole ya dube ka duban mai hassada.

Amma maganar ta wuce zato tuntuni. A birnin Liyon na Faransa akwai cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda masu jin Faransanci suka sani da CIRC. Aikinta tara masana su tace binciken duniya, su ware abin da ya tabbata da wanda bai tabbata ba. A 2002 ta ce hujja ta isa a kan ciwon daji iri biyar da ƙiba ke ƙara haɗarinsu: na babban hanji, na ƙoda, na cikin mahaifa, na nono a wajen matan da al'ada ta ɗauke musu, da wani nau'i da ke kama ƙasan bututun da abinci ke bi daga maƙogwaro zuwa ciki. A 2016 masanan suka sake zama, suka ƙara takwas. Akwai na hanta, na matsarmama, na ƙwan mace, na saman jakar ciki, na fankiriyas wadda ke samar da insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, na gaɓar gaban wuya inda maƙoƙo ke fitowa, da wani ƙari na tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, da wani ciwon daji na ɓargo. Goma sha uku ke nan. A lura, na bakin mahaifa, wanda ke kashe matanmu da yawa, ba ya cikin jerin, domin shi ƙwayar cutar HPV ce ke kawo shi. Mahaifa ɗaya ce, amma ciwon bakinta daban, na cikinta daban, kuma mutane na yawan cakuɗa su.

Ƙibar da ake nufi tana da ma'auni. Ana ɗaukar nauyin mutum a kilo, a raba da tsawonsa a mita, a sake rabawa da tsawon. In abin da ya fito ya kai 25, nauyi ya wuce kima. In ya kai 30, ƙiba ce da likitoci ke lissafawa cikin cuta. Namiji mai tsawon mita 1.70 yana taka layin farko da kilo 72 da ɗoriya, na biyu wajen kilo 87. Mace mai mita 1.60 kuwa kilo 64 ne da kilo 77. Ma'aunin yana da nakasu, don ba ya bambanta tsoka da kitse, ɗan kokawa ƙaƙƙarfa sai ya fito cikin masu ƙiba. Shi ya sa ake haɗa shi da awon ciki, wanda za mu dawo kansa. Da wannan ma'auni Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 manya biliyan 2.5 nauyinsu ya wuce kima, miliyan 890 daga ciki sun kai layi na biyu.

Ta yaya aka gane alaƙar? Da haƙuri da ƙidaya. A Amurka an rubuta mutum fiye da 900,000 a 1982, ba wanda aka sani da ciwon daji a cikinsu, aka bi su shekara 16. Sakamakon da ya fito a 2003 ya nuna cewa a cikin waɗanda ma'auninsu ya kai 40, mutuwa ta dalilin ciwon daji ta fi ta masu matsakaicin jiki da kashi 52 cikin 100 a maza, da kashi 62 a mata. A Birtaniya kuma an bi takardun asibiti na mutum miliyan 5.24, aka wallafa a 2014. Nan aka ga haɗarin yana hawa tsani-tsani: duk ƙarin maki biyar a ma'aunin, na cikin mahaifa yana ƙaruwa da wajen kashi 62 cikin 100, na matsarmama da 31, na ƙoda da 25, na babban hanji da 10.

Ƙidaya kaɗai ba ta gamsar da ni ba, sai da na fahimci abin da kitsen ke aikatawa a cikin jiki. Mu dai mun ɗauke shi rumbu, wurin da jiki ke ajiye rarar abinci ya yi shiru sai ranar buƙata. Masana ma sun daɗe a kan haka. A 1994 wani mai bincike a Amurka, Jeffrey Friedman, da abokan aikinsa suka gano leftin, sinadarin da ƙwayoyin kitse ke zubawa a jini don sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke akwai. Ashe rumbun yana da baki. Daga baya aka gano saƙonnin da yake aikawa suna da yawa, kuma idan ya yi yawa, galibinsu abu ɗaya suke faɗa wa ƙwayoyin halittar jiki: ku girma, ku rabu, kar ku mutu.

Nan ne gizo ke saƙar. Jikinmu kullum cikin sabunta kansa yake, ƙwaya na rabuwa biyu, kuma duk rabuwa sai ta kwafi rubutun gadon da ke cikinta kaf, kamar ɗan makaranta mai kwafar darasi daga allo. Wani lokaci a yi kuskure. Jiki yana da masu gyara, yana kuma da dokar da ke sa ƙwayar da ta lalace ta kashe kanta. Ciwon daji yana farawa ne idan kurakurai suka taru a ƙwaya guda har ta daina jin "tsaya". Duk abin da ke sa a yi ta kwafa babu hutu, ya kuma hana mai kuskure mutuwa, yana share wa ciwon fage.

Hanya mafi bayyana ita ce ta sinadarin mata, istirojin. Lokacin da mace ke al'ada, ƙwanta ne ke samar da mafi yawansa. Shi ke sa shimfiɗar cikin mahaifa ta yi kauri kowane wata, sai wani sinadarin, furojestaron, ya zo ya tsai da ginin, in ba a yi ciki ba shimfiɗar ta zube, wato jinin al'ada. Idan al'ada ta ɗauke, ƙwan ya yi ritaya, duka biyun su ja baya. To amma a cikin kitse akwai wani abu mai suna aromatas da ke juya wasu sinadarai su koma istirojin. Mace mai kitse da yawa, tana da shekara 55 ko 60, jikinta na ci gaba da samun mai cewa a yi gini, alhali mai cewa ya isa ya tafi. Shimfiɗar ta yi ta kauri shekara da shekaru ba ta zubewa. Shi ya sa a duk cikin goma sha ukun nan ba wanda ƙiba ta fi riƙe wa wuya kamar na cikin mahaifa: ninki biyu zuwa huɗu ga mai ƙiba, wajen ninki bakwai ga wadda ƙibarta ta kai matuƙa. Wannan istirojin ɗin dai shi ke taɓa nono bayan ɗaukewar al'ada, ko da yake ƙarin a nan bai kai haka ba.

Hanya ta biyu ta insulin ce, kuma ita ta fi shafar masu tumbi irin Alhajinmu. Kitse iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda za ka iya mintsina a cinya ko damtse. Akwai na can ciki, wanda duk wanda ya taɓa tsayawa kan mahauci yana feɗe rago ya gani, fari sol ya nannaɗe hanji da ƙoda. Wannan na cikin, jinin da ya ratsa wanda ke jikin hanji hanta yake nufa kai tsaye. Idan ya yi yawa, hanta da tsoka sai su fara yi wa insulin kunnen ƙashi. Insulin shi ne mai buɗe ƙofa sukari ya shiga ƙwayoyi, to da ƙofa ta ƙi buɗuwa sai jiki ya yi ta ƙaro shi. Mutum na iya shekara goma jininsa cike da insulin kafin a ce masa yana da ciwon sukari. Ga shi kuma aikin insulin bai tsaya ga sukari ba, shi ma mai kiran girma ne, yana kuma ƙara wa wani ɗan'uwansa mai suna IGF-1 ƙarfi. Hanji, ƙoda, fankiriyas da mahaifa duk suna jin wannan kira.

Ta uku wutar ƙaiƙayi ce. Ƙwayar kitse idan ta cika ta batse, jini ba ya isarta sosai, wasu su mutu. Dakarun jiki masu share gawa su zo su kewaye su, suna fitar da sinadaran kumburi. Kumburin ƙurji yana zafi, ya yi kwana biyar ya fashe. Wannan ba ya zafi, ba ya zazzaɓi, ba ya kuma ƙarewa. Yana nan yana ci a ƙasa-ƙasa, yana lalata rubutun gadon ƙwayoyin da ke kusa, yana sa su yi ta gyara da rabuwa.

Sauran hanyoyin ba su da wuyar ganewa. Tumbi na matsa jakar ciki, ruwan tsami ya riƙa tasowa, ƙwannafin shekaru ya ƙona ƙasan bututun abinci har fatarsa ta sauya. Ƙiba na kawo tsakuwa a matsarmama, tsakuwar ta yi ta gugar bangonta.

Yanzu sai a yi hattara da lissafi, don nan ne masu tura saƙonni a WhatsApp ke yi mana ɓarna. Na ga ana yawo da cewa kashi 40 cikin 100 na ciwon daji ƙiba ce ke kawo shi. Asalin adadin daga hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka yake, kuma abin da ta ce shi ne, a 2014 kashi 40 na ciwon dajin da aka gano a ƙasar yana cikin ire-iren nan goma sha uku. Siriri ma yana kamuwa da su. Da masu binciken Liyon suka zauna ware wanda ƙibar ce ta jawo, sun samu 481,000 a duniya a shekarar 2012, wato kashi 3.6 cikin 100 na sababbin kamu a manya, kuma ya fi yawa a mata nesa ba kusa ba. Haka nan idan aka ce haɗari ya ƙaru da kashi 30 cikin 100, ga ma'anarsa: a ce cikin mutum dubu masu matsakaicin jiki goma za su kamu, to cikin dubu masu ƙiba sha uku ne. Sauran ɗari tara da tamanin da bakwai ba abin da zai same su ta wannan fuska. A gwada da taba, wadda ke ninka haɗarin ciwon dajin huhu sau 15 zuwa 30. Ga mutum guda, ƙiba ba takardar hukunci ba ce. Ga gari guda kuwa, ukun nan na kowane dubu su ne ke cika gadajen asibiti. Kuma ba daidai ba ne a tsaya kan mara lafiya ana cewa cinsa ne ya ja masa. Ba likitan da zai iya nuna ƙari guda ya rantse kitse ne ya kawo shi.

Akwai ma wuraren da lissafin ke juyewa. Ciwon dajin huhu ya fi fitowa a sirara, amma dalilin shi ne taba na hana ƙiba, kuma ciwon kansa yana ramar da mutum tun kafin a gano shi. Wanda ya fi ba da mamaki shi ne na nono kafin ɗaukewar al'ada: a nan masu ƙiba haɗarinsu ya ɗan fi sauƙi. Kar wata ta ji haka ta ce ta samu lasisi, kitsen da aka tara a shekara 30 shi ake shiga 50 da shi. Kuma binciken da aka yi a Ibadan a kan matan Najeriya ya nuna cewa girman ciki, idan aka gwada shi da na mazaunai, yana tafiya da haɗarin ciwon dajin nono. Inda kitsen ya zauna yana da magana, ba nauyin sikeli kaɗai ba.

To mu ina muka tsaya? A cikin 481,000 ɗin nan, kusan kashi biyu cikin uku a Turai da Arewacin Amurka suke. Afirka kudu da Sahara gaba ɗayanta 7,300 ta samu. Wajen rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, ciwon daji kuwa galibi abokin tsufa ne. A yankinmu kusan kashi ɗaya cikin uku na ciwon daji ƙwayoyin cuta ne sanadinsa. Har ila yau yawan haihuwa da doguwar shayarwa sun daɗe suna kare matanmu ba tare da sun sani ba: wani babban nazari na 2002 ya nuna duk wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin ciwon dajin nono da wajen kashi 4 cikin 100, ban da ragin da kowace haihuwa ke kawowa. Wanda ya ce ƙiba ce babbar matsalar ciwon daji a Maradi yau, bai faɗi gaskiya ba.

Abin da ke damuna shi ne kayan da aka riga aka ɗora wa jakin. Ɗauki hanta. Nijar na cikin ƙasashen da ciwon hanta nau'in B ya yi katutu, inda ake lissafin aƙalla mutum 8 cikin 100 na ɗauke da shi, da yawa tun suna jarirai, ba su kuma sani ba. Kaya na farko ke nan. Na biyu yana cikin abin alfaharinmu, gyaɗa. Idan aka adana ta ko masara da danshi, fumfuna na kama su ta bar wata guba mai suna afalatoksin, wadda soyawa da dafawa ba sa kawar da ita. Ita kaɗai tana kawo ciwon dajin hanta, in ta tarar da nau'in B kuwa haɗarin ninkuwa yake yi, ba ƙaruwa kawai ba. Gyaɗar da aka tsince aka ware don ta yi baƙi, sau nawa take ƙarewa a ƙuli-ƙuli mai araha? Yanzu ga na uku yana shigowa, kitsen da ke taruwa a cikin hantar kanta, ya kumbura ta, ya bar mata tabo, ko da mutum bai taɓa kai giya bakinsa ba. Baturen da aka yi binciken a kansa galibi kaya ɗaya hantarsa ke ɗauke da shi. Ɗan kasuwar Maradi mai shekara 45 yana iya haɗa ukun. Irinsa gwajin jinin nau'in B ya fi masa gaggawa a kan komai, kuma rigakafin cutar yana cikin alluran da ake yi wa jarirai kyauta.

Sai abin da ya fi ci mini rai, wato ƙibar da ake saya da kuɗi. Wata ƴar'uwarmu, ana saura wata biyu bikinta, ƙawaye suka kawo mata ƙwayoyi a ƙullin leda daga wajen masu tallar magani a tire, irin waɗanda ake yi wa laƙabi da sha-ka-fashe. Ranar kamu kumatunta sun yi tiƙis, fuska kamar wata daren sha huɗu, ana ta guɗa ana cewa amarya ta yi jiki. Goggonta ce kaɗai ta ja ta gefe ta ce, "Ɗiyata, wagga ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Dubi ƙafafunki." Ƙafafun kuwa kamar sillen kara. Yawancin waɗannan ƙwayoyi abu biyu ne: sifuroheftadin, maganin ƙaiƙayi da mura mai buɗe ciki, da deksametazon, magani mai ƙarfi na kumburi da asma. Deksa yana cinye tsokar hannu da ƙafa, ya tara kitse a fuska da ƙeya da ciki, ya tada sukari da hawan jini, ya raunana garkuwar jiki. Wato daidai kitsen cikin nan da muka ce ya fi haɗari, shi ake biyan kuɗi ana saya. Wadda ta daɗe tana sha kuma kar ta yanke rana ɗaya, yankewar farat ɗaya na iya kayar da ita, a hankali likita ke janye shi.

Akwai kuma wani darasi daga Holan da ya kamata ya tsaya mana a rai. A hunturun 1944 zuwa 1945, ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, yunwa ta afka wa yammacin ƙasar. Da aka auna samari wajen 300,000 lokacin shigarsu soja, sai aka ga waɗanda yunwar ta sami uwayensu a farkon rabin goyon ciki sun fi saura yawan ƙiba. Jikin da aka gina cikin rashi yakan koyi riƙo, ran da ya samu wadata sai ya yi ta tarawa. Ƴaƴan da aka haifa mana a 2005 yanzu samari ne da ƴanmata. Da yawansu sun shigo gari, inda furar gero da tafiyar gona suka koma burodi da mayonis, taliya da mai, lemon kwalba, da kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa ƙofar shago. A gida ɗaya sai ka ga uwa mai teɓa tana goye da yaro mai tamowa, kuma tushen abin ɗaya ne, abinci mai cika ciki da ba ya gina jiki.

Ko rage ƙiba na mayar da haɗarin baya? Shaida mafi ƙarfi daga masu yin aikin rage jakar ciki ta fito, don su ne ke zubar da kilo da yawa su kuma zauna a haka. Wani bincike na asibitin Cleveland Clinic a Amurka da ya fito a 2022 ya bi mutum fiye da 30,000 masu tsananin ƙiba, wajen 5,000 daga ciki an yi musu aikin. Bayan shekara goma, kashi 2.9 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aiki sun kamu da ire-iren ciwon nan, su kuwa sauran kashi 4.9. Wannan aiki ba namu ba ne, ba shi nake tallatawa ba. Amfaninsa a nan shi ne ya nuna in kitse ya tafi, wani ɓangare na haɗarin na bin sa. Sai dai duk wanda ya gwada ya san sauke kilo goma ya fi hana su hawa wuya sau goma, don jiki na kare ajiyarsa da yunwa da kasala. Santimita ɗaya ko biyun nan na littafin Kawu, su ne wurin da ƙaramin ƙoƙari ke tasiri.

Kuma ba sai an nemi abincin Turawa ba. Gero da dawa da ba a surfe su fes ba, wake, kwaɗon zogalen da ake nomawa nan bakin Gulbi da Jiratawa, rama, yakuwa, kabewa, duk suna da dusar da ke kare babban hanji. Ɓarnar tana cikin ludayin mai da sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya wuce wajen giram 50 a yini, in da hali 25. Kwalbar lemo ɗaya ta santilita 33 tana da wajen giram 35. Ban ma yi maganar shayin fada ba, na ɗaya da na biyu da na uku, wanda ake zuba wa sukari da tafin hannu. Ba wai sukarin ne ke zuwa ya ciyar da ƙari kai tsaye kamar yadda ake yaɗawa ba, ta hanyar kitse da insulin yake bi. Motsa jiki kuwa minti 150 ake nema a mako. Mai zuwa masallaci da kasuwa a ƙasa ya kusa cikawa. Matan da ba sa fita su ne abin ya fi yi wa wuya, musamman a gidajen masu hali inda injin niƙa da famfo da ƴan aiki suka ɗauke daka da jan ruwa, kuma wannan magana ce da ta rataya a wuyan mazan gidan.

Abu biyu kuma kar a yi musu jinkiri. Macen da al'adarta ta ɗauke shekara guda ko fiye, sannan ta ga jini, ko ɗigo ne, ta je asibiti a wannan makon. Ba al'ada ce ta dawo ba. Sau da yawa abin ba ciwon daji ba ne, in kuwa shi ne, na cikin mahaifa yana cikin waɗanda aiki ke warkarwa idan an kama da wuri. Na biyu, mai jiki da ya ga yana zubewa bai rage ci ba bai ƙara aiki ba, kar ya yi murna, a duba shi. Injin gashin ƙari, wato mai ƙona ciwon daji da haske, na farko a ƙasar nan sai a 2021 aka buɗe shi, a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai, fiye da kilomita 600 daga nan. Kuɗin mota, masauki, mai jinya, makonni ba sana'a: gidaje nawa ne za su iya?

Awon cikin da na ce za mu dawo kansa ba ya buƙatar sikeli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa alamar farko a santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, babban haɗari kuma daga 102 da 88. Akwai wanda ya fi wannan sauƙin riƙewa: zagayen cikinka kar ya kai rabin tsawonka. Ka yanki igiya daidai tsawonka, ka ninka ta biyu, ka zagaya tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ba tare da ka shanye ciki ba. In bakin igiyar biyu sun haɗu, madalla.

Na yi wa Kawu wannan bayani muna jiran la'asar. Ya saurara har ƙarshe yana ta sa zare a allura, sannan ya ce, "Kai yaro, in na riƙa gaya ma masu ɗinki haka, wani tela za su koma." Da shagon ya yi shiru sai na ga ya miƙe ya jingina da bango, ya ce in auna tsawonsa. Santimita 168. Ya ɗaga riga ya zagaya abin awon da kansa, ya daɗe yana kallon lambar. Rabin tsawonsa 84 ne, awon ya tsaya a 97. Ya buɗe shafin ƙarshe na littafin, ya rubuta sunansa, karo na farko a shekara ashirin da wani abu, ya sa lambar da kwanan wata a gefe. Ya rufe ya tura ƙarƙashin keke, ya ce kar in kuskura in faɗa wa Inna.